Ruwan da Ya Raba Ya'u da Kurarsa

Jama'a, ku yi mini jaje. Yau da safe na faɗa cikin bashin gwamnati. Ba salon magana ba ne, da ƙafafuna na faɗa, da jarka a kowane hannu. Ramin nan nake nufi da aka haƙa a layinmu na Panshekara, tun daga bakin titi har bayan masallaci, wanda aka ce za a kwantar da bututun ruwa a cikinsa. Da kuɗin rance aka haƙa shi, don haka ban san sunan da ya fi dacewa da shi ba. Na taka katakon da muka gitta muke tsallakawa, katako ya ce shi ma ya gaji, sai ga ni a ƙasa, ruwan da na sha layi na saya ya tsiyaye a kaina tas. Abin yabo ɗaya a ciki shi ne, in ka cire na damina, ni ne na fara ganin ruwa yana gudu a ramin nan.

Wanda ya ciro ni Ya'u ne. Ya sauke tiren da ke kansa, ya kwanta rub-da-ciki a bakin ramin, ya miƙo hannu.

"Sannu, Malam. Ba ku karye ba dai?"

"Ban karye ba. Karɓi jarkokin tukuna."

Ya karɓa, ya juya su, ya ƙwanƙwasa gindin kowacce, ya ce ba su fashe ba, sannan ya waiwayo kaina. Ban ji haushi ba. Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa da jarka dole ita zai fara dubawa. Kuma tun da na ambaci Ya'u, bari in ajiye ciwon ƙuguna a gefe, domin nasa ciwon ya fi nawa, shi ne ma dalilin rubutun yau.

Ya'u ɗan garuwar layinmu ne, ko in ce da can shi ne. Mutumin Nijar ne, daga wani ƙauye wajen Matamaye. Ya shigo Kano yana saurayi da niyyar samun aikin kamfani a Challawa, ya yi ta tsayuwa a bakin get har takalminsa ya siɗe, aiki bai samu ba, sai ya koma tura kurar haya. Ya daɗe yana yi wa wasu wahala kafin ya haɗa tasa. Ranar da ya sayi kurarsa, wallahi sai da ya zagaye layin nan da ita babu jarka ko ɗaya a kai, gida-gida, kowa ya sa mata albarka. Da ita yake ci, da ita yake aika wa mahaifiyarsa da matarsa da yara abin sayen hatsi. Kullum da yamma sai ya wanke ta, ya shafa wa ƙafafunta baƙin mai, ya gwada iskar tayoyin da babban yatsa. Matata Saudat takan ce da ni, da ina kula da gida rabin yadda Ya'u ke kula da kura, da ta ji daɗin duniya.

Mai karatu na nesa zai ce, ku da kuke gefen kogi me ya haɗa ku da sayen ruwa? To ka zo ka leƙa rijiyarmu. Yau ja, gobe shuɗi, jibi wata kalar da ba ta da suna, gwargwadon abin da maƙwabtanmu masu injina suka rina a wannan makon. Warin kuwa ba sai ka leƙa ba, shi zai fito ya tare ka. Famfon gidanmu tun kafin a yaye babbar 'yata ya yi tarinsa na ƙarshe, yanzu akuya muke ɗaurewa a jikinsa. Saboda haka ruwan shanmu daga burtsatsen Alhaji Muntari yake zuwa, can bayan layi, kuma kurar Ya'u ce ke kawo shi.

Ana nan sai labari ya iso cewa gwamnati ta ciwo bashi don ta kawo mana ruwan famfo. Maƙwabcina Bitrus, mutumin kudancin Kaduna da ke aiki a wani kamfanin roba a Sharada, shi ne mai bin labarai a waya, shi ya zaunar da ni ya warware mini yadda abin yake. Wai wani babban banki ne can ƙasashen waje yake ba babbar gwamnati, babba ta miƙa wa ƙarama, ƙarama ta miƙa wa ofishin da aka buɗe musamman don aikin. Ba a sakin kuɗin gaba ɗaya, kashi-kashi ake yi. Kafin a saki kowane kashi, sai gwamnatin gida ta zuba nata kason a asusu, don masu banki su ga da gaske ake. In an gama, ruwa ya zo, sai a riƙa karɓar kuɗin famfo a hannunmu ana biyan masu kuɗi a hankali.

Na ce, "Kai Bitrus, wannan tsari ai ya yi kyau."

Ya ce, "Malam, a waya komai kyau gare shi."

Ni dai ba na cikin masu butulci, don haka zan faɗi abin da na gani da idona. Kuɗi sun zo, kuma an taɓa su. Da farko dai fararen motoci suka bayyana, dogaye masu buɗaɗɗen baya, wai na zagayen duba aiki. Gaskiya a lokacin ba a fara aikin ba, amma ai hangen nesa ke nan, kada aiki ya zo ya tarar babu motar duba shi. Sai kuma aka shirya taron bita a wani otal a Bompai, don a wayar da kan jama'a game da muhimmancin shan ruwa. Allah ya saka da alheri, da ba mu sani ba, mun ɗauka ƙishirwa al'ada ce. Jama'ar da za a wayar wa kan ba a gayyace su ba, saboda zauren ƙarami ne, amma an ce wakilanmu sun fahimta sosai, har sun sa hannu sun karɓi alawus. Daga nan wani kwamiti ƙarƙashin Ranka-ya-daɗe Magajin Jirgin Sama ya tafi ƙasar waje ya gano yadda ruwa ke fitowa daga famfo. Sun dawo lafiya, sun tabbatar mana cewa lallai yana fitowa.

Abin da ya yi saura shi aka kawo katafila da shi ta tsaga layinmu gida biyu, aka jibge baƙaƙen bututai a bakin titi. Su ma ba su zama asara ba. Kajin unguwa a ciki suke ƙwai, dattawa kuma a kai suke hira bayan la'asar.

Sai ranar ƙaddamarwa. An kafa rumfuna a filin makaranta, an jera kujerun roba, an ɗaure jan ƙyalle a bakin rami. Mai Girma Sarkin Almakashi da kansa ya zo, da jiniya da komai. Bitrus yana wurin aiki ranar, amma ni da Ya'u muna can baya cikin rana, shi yana riƙe da kurarsa, domin har a wurin taron ya yi ciniki, 'yan rakiyar Mai Girma ƙishirwa ta dame su. A sahun gaba cikin inuwa kuwa ga Alhaji Muntari mai burtsatse, ya sha babbar riga. Mutum ne da ya yi boko mai zurfi kafin ya shiga kasuwanci, Turanci ba ya ba shi wahala.

Mai Girma ya karanta jawabinsa da Turanci, domin akwai baƙi daga banki. Wani matashi mai suna Kamilu, ma'aikacin ofishin, shi ke tafinta. In Mai Girma ya yi dogon numfashi, sai Kamilu ya karɓi lasifika. Da aka zo tsakiyar jawabi sai ya ce:

"Jama'a, Mai Girma ya ce wannan rance ne mai sauƙi. Ya ce ruwa ba zai fara ba sai bayan babbar Sallah. Ya ce kuma ruwan ba shi da yawa."

Wata tsohuwa, Hajjo mai ƙosai, ta ɗaga murya daga cikin mata: "Ko ɗigo-ɗigo ne mun gode!"

Kamilu ya ci gaba: "Ya ce da zarar ya fara, to ba tsayawa, rani da damina yana tafiya. Ya ce na kowa da kowa ne, mu da 'ya'yanmu, har jikokinmu sai sun same shi."

Kai, ka ji kabbara! Mata suka ɗauki guɗa, Maman Samson matar Bitrus ta ɗaga hannu sama tana halleluya, Hajjo har da hawaye. Baƙin banki suka ga mutane suna murna haka, suka kalli juna suna gyaɗa kai, da alama ba su taɓa ganin al'umma mai son abin nan kamar mu ba. Alhaji Muntari ma ya tafa, a hankali, yana murmushi. Mutum ɗaya ne bai yi murna ba. Na waiwaya na ga Ya'u ya yi tsuru, hannunsa a kan kura, kamar wanda aka yi wa rasuwa.

Da yamma ya same mu a ƙofar gida, ni da Bitrus, ya tsuguna.

"Malam, sana'ata ta mutu. In famfo ya kawo, wa zai sayi jarka? Sayar da kura zan yi."

Bitrus ya ce, "Haba Ya'u, ɗan'uwana! Ka bari ka ga ruwan da idonka mana. Mutanen nan tun ina makaranta suke kawo ruwa."

Ya'u ya girgiza kai. "Oga Bitrus, ranar da na ga ruwa da idona, kowa ma ya gani. Ranar ko kyauta na bayar da kura ba mai karɓa, sai dai 'yan gwangwan su auna ta a sikeli. In zan sayar, yanzu ne. Kuma wannan karon daban ne. Ga rami, ga bututu, ga Turawa. Babban mutum ya tsaya a gaban jama'a ya faɗi lokaci, ya ce bayan Sallah. Zai yi ƙarya a gaban baƙinsa ne?"

Ku faɗa mini, ina kuskure a lissafin nan? Ni ban gani ba. Bitrus ma bai gani ba. Ya'u bai yi boko ba, bai taɓa taka ƙofar banki ba, amma kansa yana ja. Ya ma riga ya hango gaba. Ya ce gidajen layin nan duk kan famfonsu ya yi tsatsa ko an sace, in ruwa ya zo kowa zai nemi sabo, da mesa, da ɗan abin ɗaure bakin bututu. Wanda ya riga ya tanada shi zai ci kasuwa.

Mai saye bai yi wuyar samu ba. Alhaji Muntari ya aika a gaya wa 'yan garuwa cewa shi tausayinsu yake ji, duk mai son rabuwa da kurarsa ya kawo, zai karɓa don Allah, ko da zai yi asara. Suka yi ta kaiwa. Ya'u ya wanke tasa, ya shafa mata mai, ya tura ta da kansa har gidan Alhaji, ya dawo hannu na dukan cinya. Washegari ya shiga kasuwa ya juye kuɗin kaf a kan kawunan famfo da mesa. Tiren da ya sauke yau da safe don ya ciro ni, su ne a kai, suna ta ƙyalli, ko ɗaya bai ragu ba.

Sallah ta zo ta wuce. Muka ci nama, muka sa ido. Saudat ta kwance akuya daga jikin famfo don kada ruwa ya zo ya firgita ta. Shiru. Alhaji Muntari kuwa ya kulle kurayen a gidansa, yana sakin kaɗan-kaɗan ga masu haya, jarka ta yi tsadar da ba mu taɓa ji ba. Shi ya sa dattijo kamata, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a gaban injin saƙa a Bompai har masaƙar ta rufe, ya koma ɗaukar jarka da kansa. Ya'u kuwa kullum yana yawo da tire yana cewa, "An ce bayan Sallah, ba a ce washegarin Sallah ba." Amma na lura wuyansa ya ƙara tsawo, kuma ya daina tsayawa wurin mai shayi.

Yau da ya ciro ni daga rami, ya zauna kusa da ni a kan bututu, ya ce, "Malam, an bugo daga gida. Hatsi ya ƙare. Ku da kuka san Bompai, ku raka ni can ofishin mutanen nan in ji ranar. Ko wata nawa ne, in dai na san ranar, zan daure."

Na canza riga muka tafi. Ba zan ɓata muku lokaci da labarin ɗan adaidaita ba, wanda ya shiga layin mai da mu a ciki, ya ce in muna sauri mu sauka mu tura. Mun dai isa. Ofishi ne mai kyau, an yi masa fenti ruwan bula, ga hoton ƙaton famfo a bango yana zubar da ruwa, yara suna dariya a ƙarƙashinsa. Fararen motocin nan suna jere a inuwa, ana wanke su. Ya'u ya ja ya tsaya a bakin get, ya kama hannun rigata.

"Malam, ku duba."

Kura ce, cike da jarkoki, wani ɗan garuwa yana sauke wa masu wankin mota, yana kai saura bayan ofis.

"Su ma saye suke," in ji Ya'u, a hankali. Na ji muryarsa ta canza.

Bayan mun gaisa da maigadi, mun gaisa da masinja, mun gaisa da wanda ke gaisawa da mutane kafin su ga mai ganin mutane, aka shigar da mu wurin Ranka-ya-daɗe Wazirin Ana-Kan-Duba-Lamarin. Mutum ne mai fara'a, ban ɓoye muku ba. Ya ba mu kujera, ɗakin sanyi ƙalau, ga robar ruwa a gabansa tana raɓa. Na gabatar da kaina, na gabatar da Ya'u, na ce mun zo ne mu ji labarin ruwan da aka ce zai fara bayan Sallah.

Ya ce, "Ai ya fara."

Ya'u ya miƙe zumbur. "Ya fara? Alhamdu lillahi! Ta wace unguwa, ranka ya daɗe?"

"Unguwa kuma? A asusu ya fara. Tun makon da ya bi bayan Sallah yake hawa, ko kwana ɗaya bai yi latti ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a yi mana a hankali, mu mutanen Panshekara ne. Wane ruwa ne yake hawa a asusu?"

Ya kalle mu, ya cire tabarau, sannan ya fashe da dariya har yana buga tebur. "Wai ku ruwan sha kuka ɗauka? Ruwan bashi Mai Girma yake nufi! Kuɗin ruwa! Masu banki sun ɗaga mana ƙafa zuwa bayan Sallah, daga nan ruwa ya fara hawa kan abin da muka karɓa. Abin da aka faɗa ke nan, kuma yaron nan Kamilu bai ƙara ko harafi ba. Ashe shi ya sa kuka yi ta guɗa! Baƙinmu har a rahotonsu sun yaba, sun ce ba su taɓa ganin inda talakawa suka rungumi biyan bashi hannu bibbiyu kamar nan ba."

Ni dai na ji kaina ya yi dum. Kalma ɗaya ce, muna faɗinta kullum, kowa ya san tana da fuska biyu. Amma ka tara mutanen da suka shekara da shekaru suna sayen jarka, ka tsaya a bakin ramin bututu, ka ce musu ruwa zai fara, wace fuskar kake so su gani? Ya'u kuwa, wanda tun da aka haife shi bai taɓa karɓar kuɗi da ruwa ba, bai taɓa bayarwa ba, yana tsaye bai ma gama fahimta ba.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ku gafarce ni. Wannan ruwan da ya fara, ana alwala da shi?"

Waziri ya sake darawa, amma da ya ga fuskar Ya'u sai ya daina. Ya gyara zama ya ce, "A'a, bawan Allah. Na famfo daban. Shi sai an saki kashi na gaba."

Na ce, "Yaushe za a saki?"

"Da zarar gwamnati ta zuba nata kason."

"Yaushe za ta zuba?"

"To, an ware kuɗin, wallahi an ware. Sai dai da ruwan nan ya fara, dole aka ɗiba aka tare shi, domin shi ba ya jira. Amma ana kan duba lamarin."

Wato jama'a, in kun bi ni, ruwa ne ya shanye ruwan. Na tambaye shi, to a ƙarshe wa zai biya? Ya ce mu, ta hanyar kuɗin ruwa. Na ce wanne daga ciki? Ya ce duka biyun, ai shi ya sa aka ce na kowa da kowa ne. Ya raka mu har ƙofa, ya ce mu gaida mutanen Panshekara, suna ransa.

A hanyar dawowa Ya'u ya rungume tire a kan cinya, kawunan famfo suna ƙara duk sanda muka faɗa rami. Ni kuwa raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ba don ƙuguna ba. Na ga mutanen da aka cuta da ƙarya, amma yau na fara ganin wanda aka cuta da gaskiya. Da muka wuce Sharada sai ya juyo ya kalle ni.

"Malam, Alhaji Muntari yana jin Turanci ko?"

Na ce yana ji.

"To ku raka ni wurinsa."

Mun same shi bayan la'asar a ƙofar gida, kan darduma, da carbi. A farfajiyar gidan ga kuraye nan a jere reras, duk an shafe su da fenti iri ɗaya. Ya'u ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce ya zo ne a taimaka a mayar masa da kurarsa, zai kawo kuɗin da aka ba shi da zarar ya karyar da kayan tire.

Alhaji ya yi murmushi. "Ya'u, ai ciniki ya faɗa. Kuma kura ta yi daraja yanzu, kai ma ka sani. Amma kai namu ne. In kana so in sayar maka bashi, ka riƙa biya a hankali, sai dai akwai ɗan abin da zai riƙa hawa kai duk wata."

"Ruwa ke nan, Alhaji?"

"A'uzu billahi! Ni da ruwa? Ɗan ihsani dai."

Ya'u ya sunkuyar da kai. Na san abin da yake aunawa, ga hatsin da ya ƙare a gida, ga abin da bai taɓa ci ba tun da yake. Sannan ya ɗago ya ce, "Alhaji, na gode. Wanda aka ɗora mini ban sani ba ya ishe ni, ba zan ɗora wa kaina wani da hannuna ba. A ba ni haya."

"To madalla. Shiga ka zaɓa."

Ya shiga. Duk kamarsu ɗaya, amma bai yi ruwan ido ba. Ya bi layin yana shafa mariƙinsu, ya zo kan wata ya tsaya, ya kama ta da hannu biyu, ya ɗan tura gaba ya dawo da ita. Ko ƙara ba ta yi ba. Ya jawo ta waje.

Alhaji ya leƙa ya ce, "Af, wannan ka ɗauko? To ita hayarta ta fi ta sauran. Duk cikinsu babu mai lafiyarta. Mai ita na da ya iya riƙo."

Wallahi na zaci Ya'u zai yi gardama. Sai kawai ya ce to, ya ɗora tirensa a kai, ya turo ta muka fito. Sai da muka zo bakin layi, inda ramin ya fara, ya tsaya ya goge ido da gefen rawaninsa, ya ce da ni ba tare da ya kalle ni ba:

"Malam, gobe zan kawo muku ruwa. Amma jarka ta ƙara kuɗi, don Allah kada ku ga laifina."

Na ce ban gani ba, Ya'u.

Saboda haka masu yawo da baki suna cewa manyanmu ba sa cika alkawari, su ji tsoron Allah. An ce bayan Sallah, kuma bayan Sallah ya fara, ni shaida ne. Yanzu haka Bitrus ya leƙo ta katanga da wayarsa, wai ana shirin ciwo wani sabon bashin, wannan karon don a kawo mana wuta har cikin ɗaki. Ina roƙon jama'ar Panshekara, kafin kowa ya ce amin, a samu mai ƙarfin hali ya ɗaga hannu ya tambaya wace wutar.